Kai Kaɗai, Ban da Ƙafa

Idan azumi ya raba tsakiya a Katanga, mai koyon ɗinki ba ya ganin keke sai da ido. Tela ba ya ɗagawa daga kansa dare da rana, kowa na son kayansa kafin Salla, ɗan koyo kuwa aikinsa sa maɓalli, hura gawayin dutsen guga da zuwa sayen zare. Haka ɗiyata ta fari ta ƙare azumin bara a gidan matar da ke koya mata. Ta ƙware a guga ƙwarai, amma ƙafarta ba ta taɓa feda ba. Bayan Salla uwarta ta ɗauki adashi, ta ajiye kuɗin gabana, ta ce in cika da na albasar da na adana, a saya wa yarinya nata keken.

Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa. Mutumin da ke koya wa yara riba da faɗuwa a allo, ai ba za a cuce shi a cinikin keken ɗinki ba. Da wannan ƙarfin gwiwa na kai maganar majalisa.

A gindin dogon-yaron da muke zama babu tela ko ɗaya, amma ranar kowa ya zama masani. Wani ya ce in ba Singer ba, to, a bari. Wani ya ce Singer ta gaskiya ta ƙare tun zamanin Shagari, yanzu sai Butterfly ta Caina. Wani da ya taɓa zama Kano ya ce duk wannan wasan yara ne, in nemi Juki na Japan mai mota, wanda ke cinye yadi goma kafin ka ƙifta ido. Na tambaye shi da wace wuta. Ya ce ai sai a haɗa da janareta. Na tambayi kuɗin duka biyun, ya faɗa, majalisa ta yi tsit, aka koma hirar taki.

Wani yaron maƙwabta ne ya bi ni har ƙofar gida, ya nuna mini talla a wayarsa: ɗan keken ɗinki na riƙewa a hannu, na roba, mai aiki da batir. Babu tebur, babu feda, babu jiran masu wuta. A bidiyon, wata mata tana ɗinke labule yana rataye, tana murmushi. Kuɗinsa bai kai na rabin buhun albasa ba. Na lissafa abin da zai rage mini, na ji har na fara tausayin mutanen majalisa. Aka aiko shi ta hannun direba, na karɓo a tashar Jega, na shigo da shi gida cikin aljihu.

Uwar yara ta juya shi, ta sake juyawa. "Malam, wanga na keken?" Na ce shi ne, zamani ya ci gaba. Ta ce, "To, Allah shi kyauta." Yarinya ba ta ce komai ba. Ɗiyar fari ce, tsakanina da ita akwai kunya, ko sunanta ba na kira.

Don in rufe bakin masu shakka, na ɗauko wandona da hantsarsa ta ɓarke, na ɗinke da kaina. Gaskiya ya ɗinku, layi tsaf. Shi na sa zuwa ɗaurin aure a Maiyama, kuma saboda zafi na bar babbar riga a gida, na tafi da 'yar jamfa. Muna zaune kan tabarma, liman na tambayar waliyyai, sai na hango wani ɗan zare yana leƙowa a cinyata. Na ja shi don in tsinke. Bai tsinke ba. Ya biyo hannuna, ya yi ta biyowa, sai na ji iska tana shiga inda ba a gayyace ta ba.

Daga baya na fahimci dalili. Keke na ƙwarai da zare biyu yake ɗinki, ɗaya daga sama ta allura, ɗaya daga ƙasa cikin kwarkwaro, su sarƙe a tsakiyar yadi, ko ka yanke wuri ɗaya sauran na nan. Nawa zare ɗaya ne, yana yin sarƙa da kansa, irin ɗinkin bakin buhun taki: ka kamo bakin da ya dace, ka ja, buhu ya buɗe har ƙarshe. Ni kuwa bakin da ya dace na kamo.

Aka shafa fatiha, aka raba goro, mutane suka miƙe. Ni ina zaune, na haɗe gwiwoyi, na ɗaga tafin hannu. Wani dattijo ya nuna ni ya ce wa 'ya'yansa su dubi yadda ake yi wa amarya addu'a. Sai da wuri ya watse na yafito wani yaro, na aike shi cikin gida. Da aron zanen gwaggon amarya na koma Katanga.

Aka koma batun keken ƙarfe. Uwar yara ta ce in tafi da yarinyar, ko in roƙi tsohon telan unguwarmu ya raka ni. Na ce kasuwar Jega ba wurin jan yara ba ce, tsoho kuma a bar shi ya huta. Jega kuwa ba ƙaramar kasuwa ba ce. Tun ƙarni na 19 fatake ke sauka a cikinta, ga ta a mahaɗar hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri. Garin da ya shafe shekara wajen ɗari biyu yana ciniki ya ga irina da yawa.

Na fara da sababbi, na ji farashi, na ce ina zuwa. A wani lungu na tarar da mai gyaran kekuna, ya jera na hannu. Akwai ɗaya baƙi wuluk yana sheƙi, da furannin ruwan zinariya, bisa teburinsa da ƙafafunsa. Suna kam ya goge, ko kuma fenti ya rufe shi. Mai kaya ya ce, "Malam, idonka na da kyau. Wata Hajiya ta aje shi cikin ɗaki, ko ɗankwali ba ta ɗumka da shi ba." Ya zauna, ya taka. Akwai wani ɗan ƙyalle da ke ƙarƙashin allura tun kafin in zo, a kansa ya zuba layi. Na duƙa na duba, na gyaɗa kai, na ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, don na ga masu sayen tukunya na yin haka.

Ya yi kuɗi, na taya rabi. Ya ce albarka. Na juya zan tafi, ya kira ni. Na ƙara kaɗan, ya rantse uwar kuɗi ba ta fito ba. Na sake juyawa. A ƙarshe ya ce, "Don kai malami na, na sallama." Farashin bai kai rabin na sabo ba. Na ƙirga masa, ya sa aljihu, ya ɗauko sukundireba, ya fara kwance keken daga kan tebur.

Na ce me yake yi haka.

Ya ce, "Kai munka yi ciniki, Malam. Ƙahwa da tebur kuɗɗinsu daban. Waɗanga ma na gwaji na, ba na saisuwa ba."

Na waiwaya neman shaida. Maƙwabtansa duka suka tabbatar haka ake yi, har ɗaya ya yi mamakin malami guda bai sani ba. Aka raka ni wurin wani mai tsofaffin ƙarafa, na sayi ƙafafu masu tsatsa. Igiyar fata da ke haɗa feda da kai, ita ma da kuɗinta. Tebur sai kafinta. Kuɗin albasa ya bi na adashi.

Mai kabu-kabu ya ɗaure kan keken a bayana, ƙafafun bisa tanki. A ƙofar gida yara suka taru, na ce kowa ya matsa, ni zan sauke. Wanda bai taɓa ɗaga kan keken nan ba, ba zai gane ba: zubin ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, ga mai ya sa shi santsi. Ya zame, ya sauka kan babban yatsana na dama. Ƙarar da na yi ta fito da uwar yara ba mayafi. Ta dube ni ina tsalle da ƙafa ɗaya, ta dubi ƙasa, ta ce, "Innalillahi! Bai dai hwashe ba?" Keken take nufi. Maƙwabci ya ce a tafi Aliero yanzu-yanzu, tunda daga ko'ina a Arewa can ake kai ɗori, mu ga shi kusa da mu. Ba a kai ga haka ba. Farce ne ya tafi, ƙashi na nan.

Da kafinta ya gama tebur, na ɗaure yatsa da tsumma, na zauna gwaji da ƙafar hagu. Ashe fedar nan ba ta san gaba da baya ba, sai ka fara juyo ƙarfen hannu wajenka, sannan ƙafa ta karɓa. Ni na taka kawai. Ya juya baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ya tsaya cik. Na shiga gyara. Duk abin da ke murɗuwa a jikin keken nan sai da na murɗa shi. Na cire allura na mayar. Da na sake takawa, feda na tafiya sumul, ƙarfen hannu na gudu, allura kuwa ko motsi. Na tara iyali na sanar da su an cuce mu, gobe zan koma Jega, in ta kama har wurin hukuma.

Uwar yara ta aika a asirce aka kira tsohon tela. Ya zo da sandarsa, ya dubi keke, ya dubi yatsana, bai tambaya ba. Ya ce a kira mai keken. Yarinya ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Ɗiyata, mi kig gani?" Ba ta ɗago kai ba, ta miƙa yatsu biyu ta ɗaure wani ɗan farin ƙarfe da ke tsakiyar na hannu. Shi ake sassautawa in za a naɗa zare a kwarkwaro, don allura ta huta. Ta zare allurar, ta juya gefenta mai faɗi inda ya kamata ya fuskanta, ta mayar. Ta taka. Ƙarar ta cika tsakar gida. Tun farko ta gani, in ji uwarta, amma ba ta iya gyara wa ubanta magana gaban ƙannenta.

Sannan tsoho ya yi abin da ya ce shi ne sayen keke. Ya ƙi ƙyallen da keken ya zo da shi, ya sa aka kawo guntun shadda, ya ninka huɗu, ya ce ta bi ta kai. Ya juya bayan ɗinkin, don a can ƙarya take ɓuya. Ya kama sandar allura ya girgiza, ya ji ko tana lilo. Ya kwantar da kan ya leƙa cikinsa, ya kasa kunne. Hukuncinsa: Hajiyar nan, in akwai ta, ta ɗinka wa gari guda kaya. Ƙoshiya ta cinye, sai an sake. Amma ƙarfen na da kyau, zai yi.

Da na ce ina za a samu kayan keken da ba shi da suna, sai ya yi dariya. Baƙaƙen kekunan nan kusan duk zubi ɗaya ne, samfurin da Singer ya fitar tun ƙarshen ƙarni na 19, Japanawa suka kwaikwaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Shanghai suka bi da Butterfly. Kwarkwaron wannan na shiga wancan, allura ɗaya ce, kowane mai gyara a Jega ya san cikinsu. Nasa Singer ne na ainihi, gadon maigidansa, ƙirar masana'antar Clydebank ta Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, keken kuwa bai ji labari ba, yana ta aiki. Na so in nuna ni ma na yi karatu, na ce ai tun 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, kuma a 1856 kamfaninsa ya fara sayarwa ana biya kaɗan-kaɗan. Tsoho ya ce, "Madalla, Malam. Shi ma da ƙahwa yaka saisuwa, ko kai kaɗai?" Ladan aikinsa goro biyu ya karɓa.

Da dare uwar yara ta ɗauko allon ƙaramin ɗanmu da alli, ta ce tunda lissafi sana'ata ce, in tara mata. Ɗan keken batir. Kai. Ƙafa. Igiya. Kafinta. Ƙoshiya. Kabu-kabu. Mai kemis da ya wanke yatsa. Sabulun da aka haɗa da zanen gwaggon amarya lokacin mayarwa. Na tara, na sake tarawa ta ƙasa zuwa sama. Jimillar ta haura kuɗin sabon Butterfly da teburinsa, da ƙafarsa, da kwalinsa. Na ce allin ba ya kamawa sosai, mu bari sai da safe.

Yarinya yanzu tana ɗinka wa matan unguwa riga da siket, kayan makarantar ƙannenta ma ita ta yi. A majalisa kuwa labari ya sauya kama a hanya: an ce na shiga Jega ni kaɗai, na fito da keke a rabin kuɗi. Shekaranjiya wani maƙwabci ya same ni, matarsa za ta fara koyo, yana roƙon in raka shi in zaɓa masa, tunda na san kan abin. Na ce masa ya shirya, amma ya sa takalmi rufaffe.