Yadda Ake Cika Buri Kafin Kuɗin Riɗi Su Ƙare

A ƙasar Awe ta Jihar Nasarawa, daga cikin gari har Azara da Tunga, babu lokacin da buri ke yawa kamar tsakiyar damina, sa'ad da aljihu ya bushe, rumbu ya kusa ƙasa. Lokacin ne magidanci zai zauna a gindin mangwaro ya gina gida mai ɗaki 6 da fatar baki, ya tura ɗansa Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ya sauke farali, ya ƙara da sabon babur, duk kafin a kira la'asar. Sai kaka ta zo, a yanke riɗi, a kakkaɓe, dillali ya auna ya biya. Bayan mako 3, in ka tambayi inda kuɗin suka shiga, mai su ma tambayar da yake yi ke nan. Wanda ya gaji da wannan tambaya shi ake yi wa wannan jagora, kuma magana ɗaya ce a cikinta: buri ba ya cika sai an yanka masa rana, an yanka masa kuɗi, an naɗa masa mai gadi, kuma a gama duk wannan tun kuɗin ba su shigo hannu ba.

Ka fara da sallamar burace-buracenka, ɗan'uwa, ka bar guda. Ka yi musu sallama ta mutunci, ka ce su dawo baɗi. Matan da ke dafa gishiri a Awe da Keana sun daɗe da sanin dalili: ruwa mai yawa ake tacewa a ɗora a wuta kafin a kwashe gishiri kaɗan, kuma wadda ta raba itacenta ga tukwane 10 za ta wuni tana fifita, ta tashi da ruwan ɗumi. Burin da ka zaɓa ɗin kuma ka sa masa lamba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun tattara ɗaruruwan bincike a littafinsu na 1990, suka nuna cewa wanda aka yanka wa takamaiman aiki mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce wa ya yi iya ƙoƙarinsa cin nasara. Dalilin a fili yake. “Zan yi ƙoƙari” ba ta da ranar da za a kama ta da laifi. “Zan gina gida” kuwa ita ce ta haifi gine-ginen nan da suka tsaya a linta shekara da shekaru, har gwanda ta tsiro a falo tana 'ya'ya, akuyar maƙwabci ta mallake ɗakin uwargida. Abin da za ka rubuta shi ne: bandir 4 na kwano, kafin ƙarshen Disamba.

Daga nan sai shirin ranar biya, kuma nan ne ya kamata mu daɗe, domin tazarar da ke tsakanin sikelin dillali da ƙofar gidanka ta fi kowace hanya haɗari a Jihar Nasarawa. A kanta mai tsire yake, hayaƙinsa kuwa ya san wanda aka biya. A kanta mai sayar da waya yake, wanda zai lura cewa taka ta tsufa. A kanta za ka gamu da aminin da ya ɓace tun watan shuka, ya rungume ka yana kiranka Alhaji alhali ko fasfo ba ka yi ba, maroƙi kuma ya tono maka kakan da ya yi sarauta wanda kai kanka ba ka taɓa jin labarinsa ba. Can dab da gida sai tunanin ƙarin aure ya yi sallama, shi da bai leƙo ba ko sau ɗaya lokacin da ake cin tuwo da miyar kuka ba man ja. Mutum ba ya cin wannan yaƙi da ƙarfin zuciya, domin zuciyar ce ta fara miƙa wuya. Peter Gollwitzer, wani masani ɗan Jamus, ya bayyana maganin a 1999: ka ƙulla tun da wuri cewa idan kaza ya faru, to kaza zan yi, ka ambaci wuri da lokaci. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna masu irin wannan ƙulli sun fi masu niyya zalla aikata abin da suka yi niyya. Naka ƙullin ga shi: idan dillali ya ƙirga mini kuɗi, to ko ruwan leda ba zan saya ba sai na tsaya a shagon kwano. Shawarar da ka yanke a watan Agusta, da cikinka a sarari da hankalinka a kwance, ita za ta raka ka gida, ba wadda ƙamshin tsire zai yanke maka ba.

Sai mai gadi. Kuɗin da ke ƙarƙashin matashi suna jin duk wata sallama da aka yi a zaure. A yammacin Kenya, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa 'yan adashi ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo don tara kuɗin lafiya, kuma sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna wannan ɗan akwati kaɗai ya ƙara abin da mutane ke warewa don lafiyarsu ƙwarai da gaske. Iyayenmu mata ba su jira wannan bincike ba, da asusu da adashi suka aurar da 'ya'ya. Uwar adashi ba ta san “gobe” ba, ranar zubi ranar zubi ce, kuma kunyar haɗa ido da ita ta gina ɗakuna fiye da duk wata niyya. Mai burin Makka kuma yana da tsarin adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, irin wanda mutanen Malesiya ke yi tun 1963. Amma mai gadi ɗaya ya isa. Gollwitzer ɗin nan da abokan aikinsa sun gano a 2009 cewa wanda ya shelanta abin da yake son zama, mutane suka ji, yakan sassauta aiki, don ya riga ya ɗanɗani yabon. Saboda haka kada ka kai burinka Facebook. Ka gaya wa mutum guda wanda ba ya jin nauyin tambayarka, mai ɗakinka ko yayanka, ka kuma ba shi izinin ɓata maka rai.

Wani zai ce ai komai nufin Allah ne, bawa ba ya yanka wa gobe rana. Gaskiya ne, shi ya sa za ka rubuta in sha Allahu a gaban ranar, da zuciya ɗaya. Sai dai hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, kuma babu manomin Awe da ke ƙin shuka don bai san ko ruwa zai sauka ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba abin dariya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo, hauhawarsa ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Wanda ya ɓoye naira a asusu a farkon shekara ya fasa a ƙarshenta, ya tarar lambar tana nan amma ƙarfinta ya tafi. Wannan hujja ce ta sauya yadda ake tari, ba ta daina tari ba. Ka mayar da kuɗin abin da burin ke bukata tun da zafinsu: kwano, katako, bulo, keken ɗinki, ko tunkiyar da za ta haihu. Siminti kaɗai ban da shi, don ba ya jure ajiya, zai daskare ya bar ka da dutse mai tsada. Wani amfanin kuma, ba a taɓa jin wanda ya zo rancen rabin bandir na kwano don zuwa biki ba.

Wannan ya kawo mu ga zumunci, wanda wasu ke cewa shi ke cinye burin Bahaushe. Ban yarda a ɗora masa laifi ba. Dangin da ke zuwa neman taimako da kaka su ne suka ɗauke ka lokacin da ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 suka shafe gonaki, su ne kuma suka buɗe ƙofa ga waɗanda rikicin manoma da makiyaya ya raba da gidajensu a kudancin jihar a 2018. Mutumin da ya cika burinsa ya rasa mai yi masa barka ya yi asara. Abin yi shi ne a ware wa zumunci kasonsa tun farko, bayan an fitar da zakka, a sa shi a aljihu daban, a bayar da fara'a. In ya ƙare, ka ce ya ƙare, kuma gaskiya ka faɗa. Idan shekarar ta zo da masifa har ta cinye kuɗin kwanon ma, to ba ka karya alkawari ba, ka ɗaga ranar ka riƙe burin.

Kayan aikin duka ba su wuce littafin rubutu na 'yan firamare da biro ba. Ka rubuta buri guda, da kuɗinsa, da ranarsa, da shagon da za ka tsaya, ka miƙa wa mai gadinka takardar a daren yau, ka kuma roƙe shi ya raka ka kasuwa ranar awo.