Mutanen Bayan Fage

Duk ofishin da ake rubuta manhajar intanet ba ya rasa Malam Ai-Ba-Zai-Daɗe-Ba. A wurinsa layin jiran aiki bidi'a ce. Mutum ya danna maɓalli yana son rahoton shekara, sai Malam ya sa sabar ta haɗa shi nan take, burauza na ta juyi, bawan Allah ya zuba tagumi. Gunicorn ya jira daƙiƙa 30 ɗinsa, ya kashe aikin. Malam ya mayar da 30 ta zama 300. Sai nginx ya ƙosa a daƙiƙa 60, ya watso 504. Nan ma ya ƙara. Ka ce masa, "Malam, ga Celery, ga Redis, a tura abin nan baya mana," sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ni fa a kwamfutata kafin ƙiftawar ido ya gama." Gaskiyarsa kuwa: kwastomomin da ke cikin kwamfutar tasa ba su kai ashirin ba, kuma dukansu sunansu Gwaji.

Akwai ɗan cron, mai tayar da aikin minti biyar kowane minti ɗaya, har su hau kan juna sabar ta sume. Akwai Alhaji, wanda imel goma zai aika a rana amma sai an girka masa Kafka. Akwai kuma mai kunna aiki da hannu cikin tmux ranar Juma'a, ya tafi masallaci, ya manta da shi sai wata ya zagayo. Wannan a yi masa uzuri, mutumin kirki ne, madubi shaida.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai "a sake gwadawa." Ya sa duk aikin da ya faɗi ya maimaita kansa ba iyaka, bai tanadi hanyar gane wanda an riga an yi ba, kuma ya toshe bakin saƙon kuskure don kada ya dame shi. Idan aikin cire kuɗi ne, kuɗi ya fita, amsa ce kawai ta maƙale a hanya, sai a sake cira. Tsakar dare wayar wata mai sayar da ɗanwake tana ta ƙara, ana zaftare mata jari. Da safe ka tare shi, ya leƙa allonsa ya ce, "To ai ni komai kore nake gani." Ranar Litinin kuma shi za a ba jagorancin sabon aiki.