Aikin Kwana Biyu Ne Ya Rage

A kowace unguwa akwai gidan da ake kwatance da shi saboda akori-kurar da ke zaune a ƙofarsa bisa bulo huɗu. "Ka miƙe har sai ka ga motar nan marar taya, sannan ka sha kwana." Ɗan acaɓa ya san ta, mai raba katin biki ya san ta, akuyoyin layin kuwa a ƙarƙashinta suke ƙailula, wasunsu ma a nan aka haife su. In ka tambayi mai ita yaushe za ta tashi, amsarsa ba ta canza ba tun ana sayar da litar fetur ƙasa da naira 200: "Ai aikin kwana biyu ne ya rage."

Wani lokaci tsohuwar Hilux ce, wani lokaci Datsun, amma yawanci Fijo ce, 504 mai buɗaɗɗen baya. Faransa ta fito da 504 a 1968, kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da ita shekara da shekaru bayan su Faransawan sun yi sallama da ita. Saboda haka duk namijin da ya haura hamsin gani yake tare suka tashi, babu abin da ke cikinta da bai sani ba. Daga nan bala'in ya samo asali.

Abin yakan fara ne ranar da maigida ya rantse ya gama da makanikai, wai duk macuta ne. Sai ya nufi Ƙofar Ruwa in a Kano yake, ko Fanteka in a Kaduna, ya dawo da jak, filaya, sukundireba da jerin sifanoni. Da daddare ya kunna YouTube ya kalli wani Ba'amurke a gareji mai share, da injin ɗaga mota, kowane noti da ɗan akwatinsa, yana sauke inji cikin minti goma sha biyu. Abin da maigida bai lura ba shi ne an yanke bidiyon. Washegari ya tuɓe babbar riga, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota da bisimilla.

Kafin hantsi majalisa ta haɗu. Ban taɓa ganin abin da ke tara masana kamar buɗaɗɗen bonet ba. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba zai tsaya, ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya ce kafireta ce. Tsohon malamin makaranta ya ce fulogi. Mai shayi ya leƙo daga teburinsa ya ce shi tun bara ya ji ƙarar ringi. Wani dattijo kuma ya jira kowa ya gama, sannan ya sassauta murya: "Malam, ni dai shawarata ka nemi addu'a. Motar nan baki ne ya kama ta." Babu wanda zai taɓa baƙin mai da hannunsa. Aikinsu nuni da baki.

Ana fara gwaji, Auta ne a sitiyari, ƙafarsa da ƙyar take kai totur. "Kai Auta, murza!" Maigida ya toshe bakin kafireta da tafin hannu, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sai a ce mai ne ba ya hawa. Ya zare tiyo ya kafa baki ya zuƙa, fetur ya cika masa baki, ya tofar, idanu sun yi ja, ya ce, "Alhamdu lillahi, mai yana zuwa." Majalisa ta gyaɗa kai. An ci gaba ke nan.

Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan lagireto wanda aikinsa shi ne tsare ruwa har inji ya yi zafin da ya dace, sannan ya buɗe. Shi ne farkon wanda ake yanke wa hukunci. "Wannan na ƙasar sanyi ne, cire shi." A cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, inji ya riƙa aiki da sanyin jiki da safiyar hunturu, yana shan mai fiye da ƙima yana cin kansa. Haka nan in an gama ɗaure inji aka ga noti bakwai sun rage a faranti, ba wanda zai ce an manta da wani abu. Bature ne mai almubazzaranci.

Farantin kuwa na uwargida ne. Haka bahon da baƙin mai ya cika, haka zanin da ya koma tsumma.

"Malam, ina bahon wankina?"

"Yana bakin aiki. Ki yi haƙuri, motar nan in ta tashi ke za ki fara shiga."

"Haka ka ce ina da cikin Auta."

Inda aka fi zuba kuɗi shi ne kwalliya. Shi Ba'amurken sassauke motarsa yake yi har ta kusa shafar kwalta don a kalla. Namu ƙara mata sifirin yake yi, falle a kan falle, don wata rana ta ɗauko buhun masara talatin daga Dawanau. A sa mata hon na tirela, a zagaye ta da fitilu masu walƙiya, a kira mai fenti ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce" a bayan motar da ba ta motsa ba balle a yi mata hassada. Birki fa? "Lafiya lau yake, in ka taka sau uku yana kamawa." In man birki ya ƙare, akwai ruwan omo.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, maigida ya samu sabuwar hujja, kuma mai kyau: jira yake a mayar da ita mai amfani da gas. Ranar da ɗan gwangwan ya tsaya da kurarsa ya tambaya ko za a auna ta a kilo, sai da liman ya shiga tsakani.

Wani lokaci, ba zato, sai ta tashi. Yara su tura ta gangare, ta yi atishawa, hayaƙi ya turnuƙe layi, mata su leƙo ta katanga, maigida ya kai ƙarshen titi ya dawo yana ɗaga wa mutane hannu. Ka dubi fuskokin majalisa a wannan lokaci: murna ce a baki, amma kowa lissafi yake yi inda zai riƙa zama daga gobe. Sai tsohon malamin makaranta ya yi gyaran murya.

"Madalla, Malam. Amma da ka sa giya ta biyu, ba ka ji wata 'yar ƙara ba?"

Maigida ya yi jim. Ya ce shi ma kamar ya ji. Ya juya ya ƙwala wa Auta kira ya kawo jak da lamba 13.