Wasiƙa Daga Faris Zuwa Ga Taubashina Na Gwaram

Faris, 4 ga Mayu, 2025

Zuwa ga bawana, ɗan gwaggona, wanda Allah ya ɗora mini nauyinsa ba don na roƙa ba,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da ta Gwaggo, Allah ya ƙara mata nisan kwana, da ta jakin nan naka wanda ya fi ka sanin hanyar kasuwar Sara, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, na kuma fahimci abin da ya ƙunsa, watau kana neman kuɗin shara tun watan Cika-ciki bai ko leƙo ba, kana kuma so a biya ka da yuro, bisa hujjar wai wanda ke zaune a Faransa yana shafa launi a ƙyalle ba shi da sauran aiki sai ƙirgar kuɗi. To, tun da ka tsokano zance, sai ka gyara zama ka ji halin da ubangidanka yake ciki.

Da farko ina ƙarar mai ƙamus, gama shi ya gaya mini wai fasalin da muke ciki yanzu shi ne bazara. Ni kuwa da na san bazarar Birnin Kudu, wadda ake yayyafa wa tabarma ruwa kafin a kwanta, dutse ya riƙe zafin rana har bayan lisha, manoma na sassabe suna leƙen gabas ko hadari zai taso, sai na ninke rigunan sanyi tun a watan Maris, na fita da 'yar shara, na komo haƙora na kaɗawa kamar mai masassara. Tasu bazarar, wadda suke kira da wani suna da ba a faɗinsa daidai sai an toshe hanci, farfaɗowa ce bayan hunturu: itatuwan da suka tuɓe tsirara wata huɗu, waɗanda da a gida ne da mata sun riga sun faskare su, su ne ke wayar gari da toho da fure, har mai raunin imani ma, in ya duba, sai ya tuna da tashin ƙiyama. Na ba wani maƙwabcina labarin gawo, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya ce lalle wannan itace ɗan adawa ne.

Ko agogo ba su bari ya huta ba. Duk Lahadin ƙarshe ta Maris hukuma kan tura lokaci gaba da sa'a guda, bana kuwa ranar ta faɗo 30 ga wata, daidai da ƙaramar Salla. Ni da na dogara ga agogon bango, na kuma kashe waya don gudun barka da sallar irinku, na isa masallaci da babbar riga da turare na tarar ana ta musafaha. Yanzu muna gabanku da sa'a ɗaya, abin da tun asali haka yake tsakanina da kai, magariba kuma ba ta yi sai bayan ƙarfe tara na dare.

Amma fa ga mai zane wannan tsawon yini ni'ima ce, domin jarinmu haske ne. Ɗakin aikina yana hawa na shida a wani tsohon gida kusa da unguwar Barbes, cikin ɗakunan ƙarƙashin rufi da aka gina wa barori a zamanin da, babu na'urar hawa sai ƙafa, saboda haka duk abin da na manta a ƙasa nakan yafe shi sadaka. Abin da ya sa na haƙura da shi taga ce guda mai duban arewa, wadda haskenta ba ya sauyawa da yawa daga hantsi zuwa la'asar. Da asuba, in na idar da wuridi, sai in ɗaure ƙyalle mai kauri a kan katako, in matso launuka a bisa allo, in tsoma buroshi cikin wani ruwa mai warin kananzir, in yi ta fama har azahar. Launin mai kuwa yakan yi kwanaki bai bushe ba, shi ya sa babu rigata da ba ta da shaida, har babbar rigar Sallar nan ta sami shuɗin tambari a hannun hagu. Ga atishawa, wadda likita ya ce ƙurar furanni ce jikina ya ƙi, ni da na sha ƙurar hunturun Jigawa shekara talatin ko tari ban yi ba.

Babbar jarrabawata kore ce. Mu da muke da kore da tsanwa da algashi muka ce mun gama, nan sai ka tarar da kanti guda ya jera iri-irinsa fiye da yatsun hannu da na ƙafa, kowanne da sunansa da tsadarsa. Na juya kwalin launin ruwa don in ga abin da ke riƙe shi, sai na iske ƙaro ne, wannan dai ƙaron da almajirai ke jefawa cikin tawada, wanda ake ɗebowa daga ƙasashenmu na Sahel. Na saye shi da daraja, na gaishe shi da Hausa, bai amsa ba.

Makon jiya abokan sana'a suka ja ni ziyara Jiberni, ƙauyen da shehinsu Mone ya zauna tun 1883 har rasuwarsa a 1926, inda ya haƙa kududdufi ya shuka bado, ya yi ta zana shi shekara da shekaru. Bado fa, wanda yaranmu ke tsinka a tafki! Mutumin nan ya taɓa zana tsibin amfanin gonar maƙwabcinsa sau ashirin da biyar, da safe da yamma da cikin ƙanƙara, don ya nuna cewa launi na haske ne ba na tsibin ba, kuma a 2019 aka sayar da ɗaya a Niyok kan dala miliyan 110 da ɗoriya. Don haka kada ka bari awaki su taɓa harawar da ke kan rumfarka sai na zo.

Ka ce Malam na tambaya ko sana'ata ta halatta. Ka isar masa da gaisuwa cikin ladabi, ka ce ɗalibinsa bai manta ba cewa malamanmu na Malikiyya sun bambanta sura mai inuwa da wadda ke shimfiɗe a takarda, ba su kuma ga laifin zanen itace da dutse da ruwa ba, shi ya sa na lizimci bishiyoyi, har ran da abin da zan gaya maka ya faru.

A kudu maso yammacin ƙasar nan akwai wani kogo, Lasko, wanda samari huɗu suka gano a 1940, cike da zanen bijimai da dawaki da aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Da numfashin masu kallo ya fara ɓata shi sai aka rufe shi a 1963, aka gina kwaikwayonsa aka buɗe a 1983, kuma har yau jama'a na biyan kuɗi su bi layi don ganin kwaikwayon. Ran da na je gani, ina tsaye cikin duhun nan, jagora na magana ƙasa-ƙasa kamar a maƙabarta, sai zuciyata ta tafi Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda ni da kai, duk hutun da ka zo mana, muke fakewa rana ƙarƙashin jajayen shanun nan marasa tozo, muna ƙwanƙwasa dutse mai amon kuge, kai kuwa har da ƙara wa wata saniya wutsiya da gawayi, Allah ya yafe maka. Na sani wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya kai labarinsu taron masana a 1955, amma wallahi ban taɓa tsayawa na dubi yadda mai zanen ya karya ƙaho da layi ɗaya tak ba, sai da na ƙetare hamada da teku na ga Turawa suna riƙe numfashi gaban irinsa. Da na ce wa jagoran muna da namu a gida, na ainihi, kuma awaki ke gadinsa, sai ya dube ni kamar na yi saɓo.

Tun ran nan kore ya fita raina. Bazararsu na ta fure a bakin taga, ni kuwa na ba ta baya ina zana shanun Habude daga ka, marasa inuwa, ka tabbatar wa Malam. Sai dai jan da ke kantinsu ya cika tsabta, ba ya kama na dutsenmu.

Saboda haka ga aikinka. Ka hau mota zuwa Birnin Kudu, ka ɗauko mini hoton kowace saniya da hantsi, ba tare da ka sa fuskarka a ciki ba, kada kuma ka kankari dutsen, gama yana hannun hukumar gidajen tarihi. Sannan ka sayi koya a kasuwa, gwangwani biyu, ka ba wani alhaji da zai taso nan bayan babbar Salla, ka rubuta a jiki cewa ƙasa ce, don kada ma'aikatan kwastan su ɗauka yaji ne su ɗanɗana. In ta iso, zan aiko maka da kuɗin shara, tare da zanen jakinka, wanda na yi daga tunanin fuskarka.

Ka gai da Gwaggo da Malam da amaryarka, wadda har yanzu ban gane abin da ta gani ba. Wassalam.

Ni ne ubangidanka,
ɗan kawunka na Faris