Ɗinya a Randar Burkutu

Tun kafin a haife ni Mama, yayar mahaifiyata, take dafa burkutu a Sabon Tasha, kuma ba ta taɓa neman shawarar kowa ba. Ni kuwa na gama karatu ba aiki, sai waya da data, wato na cika sharuɗɗan ba da shawara. A YouTube na ga wani Ba'amurke mai gemu yana zuba wasu 'ya'yan itace masu shuɗi-shuɗi, wai bulubari, cikin giyar da ya haɗa a garejinsa. Na ce ashe abin da ya tsaya tsakanin Mama da arziki ke nan.

Bulubari sai manyan kantuna, cikin 'yar roba da kuɗinta zai auno dawa mudu-mudu. Sai na tuna ɗinya: baƙa, ƙarama, ga zaƙi, da ita ake maɗi tun kaka da kakanni. Na sayo kwano guda a kasuwar Sabo na dire gaban Mama, na fara bayani.

Ba ta ko ɗago kai daga murhu ba. "Kai yaron nan, burkutu dawa ce da ruwa da wuta. Na huɗunsu haƙuri, shi ne ba ka da shi."

Haƙurin kuwa ba kaɗan ba ne. A jiƙa dawa, a lulluɓe ta har ta yi tsiro, a shanya, a kai inji, a dama, a dafa, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, ta huce, sannan a zuba ɗan ragowar na jiya don ya tayar da sabon. Na ce mata zamani ya canza, ta dubi kamfanin giya da ke Kakuri tun 1963, injiniyoyi gare su. Ta ce ai tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir su ma dawa suka koma, saboda haka su suka kwaikwaye ta. Na rasa ta cewa.

Allah da ikonsa, sai aka yi rasuwa a Zonkwa, ta tafi makoki ta bar mini randa biyu da gargaɗi ɗaya: kada in taɓa komai.

Ɗinya kusan duk ƙwallo ce, wannan ɗinyar ba ta gaya mini ba sai da na murje ta har hannuwana suka yi baƙi. Na juye ruwan cikin randa ɗaya. Yis ɗin da ke ciki, wanda dama ya kusa cinye zaƙin dawa yana shirin kwanciya, ya ga sabon sukari ya miƙe. Kafin azahar randa tana tsuwa tana aman kumfa mai ruwan toka, har ƙofar gida.

Da yamma masu sha suka hallara, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka rufe, mutanen da harshensu ya san idan an canza ko itacen girki. Wani dattijo ya kurɓa, ya daɗe yana kallon ƙoƙon.

"Ɗana, wannan maganin basir ne?"

Ɗan kasuwa ba ya musu da mai saye. Na ce, "Baba, har da ciwon baya." Nan take randa ta sauka rabi.

Sai dai ɗinya tana rina baki. Kowa ya koma gida da harshe da haƙora baƙi ƙirin, har da wani dattijon coci da ya ce wa matarsa taron kwamiti zai je. Shekaru yana tauna citta a hanya yana tsira, ranar murmushi ɗaya ya tona shi. Washegari mata suka yi mini layi a ƙofar gida, kuma ba sayayya ta kawo su ba.

Ragowar kuwa na ɗura a robobin ruwa na murɗe marfi tam, don Ba'amurken ma kwalba ya sa. Na jera su ƙarƙashin gadon Mama. Shi Ba'amurken, giyarsa ta gama tashi kafin ya rufe. Burkutu kuwa da ransa ake shan sa, iska yake fitarwa ba dare ba rana, shi ya sa ake barin sa a randa buɗe. Tsakar dare robar farko ta tashi, fam! Ta biyu ta amsa. A Kaduna ba a tsayawa tambayar ƙara. Maƙwabcinmu ya haura katanga da gajeren wando, wata mata ta fito da buhun takardun makarantar 'ya'yanta ta manta da 'ya'yan.

Da Mama ta dawo ta tsaya tana duban silin, da katifa, da rigarta ta zumuntar mata da ta koma kalar ɗinya. Na fara bayanin iskar gas. Ta ce in kwashe sauran in kai wa aladun maƙwabta tare da dusa. Aladun suka sha suka kwanta rigingine, mai su ya ɗauka annoba ce ya kira likitan dabbobi, kuɗin likitan kuma aka rubuta a kaina.

Yanzu an mayar da ni sashen faskaren itace. Dattijon nan mai basir kuwa har yau idan ya ga Mama ta shiga ɗaki sai ya matso ya raɗa mini cewa shi fa ya ji sauƙi, ko da saura?