Inda Ragunan Alhaji Suka Shige

Masu cewa Ruby on Rails na sauƙaƙa aiki ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su taɓa zuba garken Alhaji a cikinta ba. Dillali ne, yana saro dabbobi a Maigatari ya yi lodi zuwa Legas, ya ce in haɗa masa manhajar da za ta riƙe masa lissafi.

Rails ɗin nan, wadda David Heinemeier Hansson ɗan Denmak ya fitar a 2004, tana da dabarar gado. Ka kafa uwa, Dabba, sai Rago da Akuya da Raƙumi su gaje ta, dukkansu a tebur ɗaya cikin rumbun bayanai, gurbi guda mai suna type yana faɗin wane ne wane. Illar ita ce gurbin da ɗaya ke buƙata kowa sai ya ɗauka. Akuya ma tana da gurbin tozo, wayam.

Rigimar tana wajen kwantirola, wato ɗan aiken da ke karɓar buƙatar mai latsa waya ya kai wa rumbu. Da fari kowace dabba na ba ta nata, na kwafe na Rago na liƙa wa sauran. Alhaji ya ce a ƙara la'ada. Rago ya samu, Akuya ta samu, raƙuma kuwa suka riƙa fita fisabilillahi har sai da ya kira ni da asuba.

Na rushe su na tara kowa a kwantirola ɗaya. Nan fom ya tubure. Shi ajin dabbar yake dubawa, da ya ga Rago sai ya nemi hanya mai suna ragos_path, da ya rasa ta sai ya watso mini jan shafi. Maganinsa becomes(Dabba), ragon ya ɓad da kama na ɗan lokaci har fom ya yarda. Ya yi aiki, amma kwantirolan ya cika da "in raƙumi ne kaza, in akuya ce kaza", ya koma gidan haya mai banɗaki ɗaya. Wani abokin aiki ya ce in bar adireshin shafi ya kawo sunan aji, constantize ta mayar da shi aji. Na ƙi, domin duk ɗan iskan da ya rubuta wani suna a adireshin zai iya kiran abin da ba dabba ba.

Na tsaya kan tsarin da har yau nake ganin ya fi: uban kwantirola ya riƙe aikin da kowa ke yi, 'ya'yan su gaje shi, kowane da 'yan layuka masu faɗin ajinsa da guraben da aka yarda ya cike.

Gab da Babbar Sallah Alhaji ya ce rago ba ɗaya ba ne, akwai Balami, akwai Uda. Na yi wa Rago 'ya'ya, Dabba ta yi jikoki. Na je nuna masa a kwamfutata, na buɗe jerin raguna. Babu Balami ko ɗaya. Alhaji ya ƙwala wa yaronsa kira.

"Kai Yaro! Ina Balamaina?"

"Wallahi Alhaji suna turke, yanzu na ba su dusa."

"To injin ƙarya zai yi maka?"

Injin bai san da su ba ne. A kwamfutar mai gini, Rails ba ta loda aji sai an ambaci sunansa, don haka da ta tambayi rumbu ragunan da ke nan, sunan jikokin bai shiga tambayar ba. Hannuna na rawa na buɗe shafin Balami, na koma jerin, sai ga su reras. Yaron ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce ba zai sake kwana ɗaki ɗaya da wannan abu ba.

Ina tattara wayoyina Alhaji ya ce, "Injiniya, saura tirelata. Sa ta ciki."

"Ranka ya daɗe, ai ba dabba ba ce."

"Tana ci, tana ciwo, ana sayar da ita. Sa ta."

Fom ya tambayi ko an yi mata allurar rigakafi. Alhaji ya ce a rubuta an yi, a watan jiya aka yi mata juyen mai.