Neman Zango a Gefen Washintan

Ranar da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa na biya dala 20 don in kwana a tanti cikin daji, shiru ta yi, can ta ce, "Korarka aka yi daga gidan hayar?" Na ce a'a Inna, hutu ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ban tsaya yi mata bayanin cewa kwanan shi ne mai sauƙin ba. Wahalar duk tana wurin samun inda za a kafa tantin, balle ga mu mazauna unguwannin da suka kewaye Washintan, inda mutum sama da miliyan 6 ke wayar gari ranar Juma'a da niyya guda, kowa na son ya tsere wa sauran, kuma duk titi ɗaya za su bi.

A neman zango ne na san halin abokaina, sanin da shekaru goma na zaman majalisa bai ba ni ba.

Akwai wanda nake kira Kusa-da-nesa. Shi daji yake so na gaske, inda ba a jin motsin kowa sai tsuntsu, amma kada ya wuce tafiyar rabin awa daga ƙofar gidansa. A samu taurari a sama, a samu sabis a waya, a samu ruwan zafi a banɗaki, in da hali kuma a samu kanti kusa saboda yara. Na kai shi Greenbelt, mil 12 daga tsakiyar birni, gandu mai wurin tanti sama da 170, ga inuwa, ga barewa na gilmawa da asuba. Da dare ya raba ya kasa kunne, ya jiyo gunjin motoci a babban titin da ke zuwa Baltimore, wanda ya ratsa gandun. Da safe ya ce mini, "Malam, wannan ai ba daji ba ne, lambu ne." Na ce to mu je gandun Shenandoah, mil 75 ne. Ya ce, "Har can? Ka san kuɗin mai kuwa?"

Ƙanwar matata kuma sharhi take karantawa. Wuri yana iya samun yabo ɗari uku, ita na ƙasan nan take nema, mai tauraro ɗaya. Ta soke tsibirin Assateague saboda wani ya rubuta cewa dokin daji ya cinye masa burodi, ko da yake dokar wurin ta ce a bar tazarar ƙafa 40 tsakani da dawakin, kuma da alama shi marubucin ne ya bar kularsa a buɗe. Ta soke gandun Prince William da ta ji an horar da 'yan leƙen asiri a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta ce wa ya san abin da suka binne. Shenandoah kuwa beyar. Ko'ina kuma kaska. Kafin ta tsayar da magana sanyi ya shigo, an rufe yawancin wuraren sai baɗi.

Amma duk waɗannan yara ne a gaban Madugu.

Madugu dattijo ne a cikinmu, ya riga mu zuwa ƙasar da kusan shekara ashirin, shi ya nuna wa da yawanmu inda ake sayen naman halal da inda ake gyaran mota ba a cuce ka ba. Saboda haka in ya yi magana ba a musu. Kalmarsa guda ce: "Na san wani wuri." Ba ya faɗin sunan wurin. In ka matsa sai ya yi murmushin nan na wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce, "Kai dai biyo ni." Kama wuri ta intanet kuwa, a wurinsa aikin ragwaye ne da Turawa masu tsoron ƙaddara. Ya ce kakanninsa sun kai goro daga Gwanja zuwa Kano ba su taɓa cika fom ba.

Shekarar da ya kama mu, hutun ƙarshen Mayu ne, na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, wato ƙarshen makon da duk mai tanti a Amurka ke fito da shi daga sito. An ce a tashi ƙarfe uku, bayan an sauko daga Juma'a. Ƙarfe shida muka tashi, domin Hajiyarsa ta ce ba za ta kai 'ya'yan mutane daji da burodi da kifin gwangwani ba. Tukunya biyu ta dafa-duka, kula ta soyayyun kaji, jarkar zoɓo, buhun gawayi, turmi ƙarami wanda har yau ban san aikin da aka so ya yi ba. Mota biyar, shi a gaba, ya kunna fitilun nan masu ƙyaftawa kamar ayarin gwamna.

Muka hau titin da ya zagaye birnin, muka tarar da gosulo, muka karya arewa muka nufi Frederick, nan ma haka. Madugu bai yarda da taswirar waya ba. Ya ce matar da ke magana a ciki ba ta taɓa tuƙi ba. Sau biyu muna wuce gidan mai ɗaya. An ce matambayi ba ya ɓata, to shi ba ya tambaya, kuma a ganinsa bai taɓa ɓata ba, hanyar ce aka canja. Sai da muka tsaya sallar magariba a gefen wani kanti sannan ya buɗe mana sirrin: dutsen Catoctin za mu, kusa da Thurmont. "Nan ne Camp David," in ji shi, "inda shugaban ƙasa ke hutawa. Nan Carter ya tara Sadat da Begin a 1978. Yau maƙwabtan shugaban ƙasa za ku zama." Wannan duk gaskiya ne. Madugu ba ya ƙarya, abin da ya sa ya fi haɗari ke nan.

Muka isa da duhu. Allo ya ce wuri ya cika. Madugu ya sauka ya gyara hula ya je wurin ma'aikacin gandun, wani saurayi mai ladabi, ya gaishe shi, ya tambayi iyalinsa, ya gaya masa cewa a 1998 ya kwana a nan kuma akwai wani tsoho mai gemu da ya san shi. Saurayin ya ce lokacin ba a haife shi ba. Madugu ya nuna mu, ya nuna yaran da ke barci a bayan mota, ya ce ko ɗan gefe ne a taimaka. Saurayin ya ba da haƙuri har sau uku. Madugu ya dawo yana kaɗa makulli, ko a jikinsa, ya ce, "Dama ba nan nake nufi ba. Wannan na biya ne kawai in gwada. Na san wani wuri."

Wurin na biyu a bakin kogin Potomac yake, kan tsohuwar hanyar ruwan nan da aka haƙa daga Georgetown zuwa Cumberland, mil 184 da rabi. Ya ce akwai wuraren kwana jere a gefenta, kyauta ne, ba a kamawa tun gaba, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ya manta shi ne an yi su ne don masu tafiyar ƙafa da masu keke, mota ba ta shiga. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka tsaya a bakin hanyar, tocila a hannu, kwaɗi na ta kuka, muna kallon duhun da za mu kutsa da tukwane a ka. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, in kai za ka ɗauki turmin, bismilla."

Ƙarfe ɗaya da wani abu muka kafa tantunanmu a bayan gidansa da ke Laurel, a hasken fitilar kicin, tsakanin lilon jikokinsa da kwandon shara. Muka ci dafa-duka da sanyinta. Madugu ya miƙe ƙafa a kujerar roba ya dubi sama, inda jirgi ke saukowa, ya ce, "Kun ga? Ga iska, ga tsaro, ga banɗaki. Wa ya karɓi sisinku?" Har yau in hirar ta taso cewa yake yi shi ya koya mana kwanan daji. Kuma in ya sake cewa ya san wani wuri, wallahi ina jin zan bi shi.

Akwai Gwanin Daji, wanda duk inda aka gina banɗaki ya tashi daga daji a wurinsa. Ya taɓa yin kwana biyu a kan hanyar ƙafar nan ta duwatsun Appalachia da ta miƙe daga Georgia zuwa Maine, sama da mil 2,000, tun daga nan yake magana kamar shi ya share ta. Ba ya ba da shawarar wuri, sai dai ya raina wanda ka samu.

Akwai 'yan in-sha-Allahu. A zauren WhatsApp mutum ashirin da uku suka ɗaga hannu, ka lissafa da dokar mutum shida a wuri guda, ka kama wuri huɗu da kuɗinka, ranar tafiya biyar suka zo, ɗaya ma ya zo ne ya gaya maka ba zai samu zuwa ba.

Sai mai gida-a-mota, wanda ba shi da damuwa da kogi ko dutse, tambayarsa ɗaya ce, ko filin zai ɗauki tsawon motarsa. Shi za ka tarar a maƙwabtaka da talabijin da firji da kare, ya tayar da janareta. Na tsallake teku, na biya kuɗi, na shiga daji, na kwanta a ƙasa, sai ga ƙarar da na baro a Kano tana shigo mini ta jikin tanti. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ba na ƙinsa dai, domin lokacin kashewa na yi yake kashewa, kuma da safe shi ke miƙo kofi.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Mai Babakere.

Wuraren gwamnatin tarayya galibi a shafin Recreation.gov ake kama su, wata shida kafin ranar, ƙarfe 10 na safe agogon gabashin ƙasar. Mai son ƙarshen Mayu, tun ƙarshen Nuwamba zai zauna gaban kwamfuta. Kana sammako wani a tafe ya kwana. Mai Babakere ya gano cewa in ya fara lissafin kwanakinsa tun mako guda ko fiye kafin ranar da yake so, ya kama su a jere, zai shiga gaban kowa ya haɗa da Juma'a da Asabar ɗin da ba a buɗe wa sauran mutane ba tukuna. Daga baya ya yanke na gaban, in ya tuna. Yakan kama wuri a gandu biyu ko uku a rana ɗaya, wai sai ya ga yadda sama za ta kasance. In hadari ya haɗu ya fasa, kuma ba zai saki wurin ba, domin 'yan dalolin da za su dawo masa ba su kai ya ɓata minti biyu ba.

Sakamakonsa na gan shi da idona a Big Meadows, tsakiyar Shenandoah, wani daren Asabar na Oktoba, lokacin da ganye ke juyewa ja da rawaya kuma rabin Washintan ke hawa titin Skyline don kallo. A shafi babu wuri ko ɗaya. A ƙasa kuwa na zaga bayan isha'i na ƙirga wurare da dama babu tanti, babu mota, murhu a sanyaye, sai takardar da ke nuna an kama tana kaɗawa a jikin turke. A bakin ƙofa kuma na bar wata mata da yara uku, 'yan Salvador ne daga Manassas, ta tashi daga aiki ta tuƙo awa biyu da tantin da ko ledarsa ba a cire ba, tana tambaya ko wani ya fasa. Mutane da yawa sun fasa. Ba wanda ya faɗa. Ƙaramin yaron na riƙe da sandar gasa alewar nan fara da suke tsirewa a wuta, bai ajiye ta ba har suka juya mota. Wanda ya kama wurin da ke kusa da nawa yana can gidansa a Bethesda ko Arlington yana kallon ƙwallo, bai ci ba, bai bari an ci ba, kuma ba zai taɓa sanin akwai yaron ba. Shi Madugu aƙalla yana cikin wahalar da ya jefa mu.

Sai kuma wani mutum da na sani ƙwarai, wanda ke saita agogo ƙarfe goma saura biyar, ya jera kwamfuta da wayarsa da ta matarsa, ya rubuta lambobin wuraren da ke nesa da banɗaki amma ba can da nisa ba, ya hana yara taɓa intanet har sai ya gama. Yakan farka ƙarfe biyu na dare ya duba ko wani ya saki wuri. Ya san itacen wuta ba a ɗauko shi daga gida saboda ƙwaron da ke kashe bishiyoyi, kuma yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Bara ya kama wuri biyu a ƙarshen mako guda, ɗaya a dutse ɗaya a bakin teku, saboda bai san wanda iyali za su zaɓa ba. Ya ce zai saki ɗayan ranar Litinin. Ranar Alhamis da dare, yana ɗaure katifar iska a saman mota, matarsa ta leƙo ta ce, "Baban Amina, ka saki na bakin tekun kuwa?"

Na ce mata yanzu nake shirin yi.